Ku Tambaya Mu Amsa: Saddam ya faɗi, me ya hana Iraƙi zama lafiya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Muna majalisa a Unguwar Sanusi gardama ta kaure, abokina ya ce ranar da aka kayar da gunkin Saddam yaƙi ya ƙare, ni ko na ce ranar aka fara. A raba mana gardama don Allah, kuma wai ya soja ke yi su ƙwace gari daga mayaƙan da suka saje da jama'a? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kai ke da gaskiya. An kayar da gunkin a Bagadaza ranar 9 ga Afrilun 2003, a watan Mayu sai Paul Bremer da Amurka ta ɗora kan ƙasar ya rusa rundunar soja kaf. Ka duba fa, magidanci mai iyali, ya iya bindiga, ya san inda rumbun makamai yake, ka ce masa daga yau ba aiki ba albashi, ina kake so ya nufa?

Batun ƙwace gari kuwa, ɗauki harin da sojan Amurka suka kai Falluja, wani birni a lardin Anbar, a Nuwamban 2004. An zagaye ta aka toshe hanyoyi, aka watso takardu ta sama wai farar hula su fice, aka yi luguden wuta, sannan sojan ƙasa suka kutsa gida-gida ɗaki-ɗaki, titi kuma ba ya biyuwa saboda bom da aka binne da maharba a kan bene, sai dai a fasa katanga a ɓulla gidan maƙwabci. Abin da ke ci min rai tsohuwar nan da ƙafa ba ta ɗaukarta, da talakan da bai da ko kuɗin mota, su wa ya tuna da su? Manyan mayaƙan kuwa tuni suka sulale, a watan ma Mosul da ke arewacin ƙasar ta kama da wuta. Mu da muka san hanyar Birnin Gwari ba sai an yi mana fassara ba, a kori 'yan bindiga yau, soja na juya baya su dawo.

Sauƙi bai samu a lardin Anbar ba sai daga 2006 da shugabannin ƙabilu suka gaji da kisan Alƙa'ida suka kafa Sahwa, 'yan sa-kai kenan, su suka san ɗan gari suka san baƙo. Daga baya gwamnatin Firaminista Nuri al-Maliki ta yi musu riƙon sakainar kashi, Amurka ta kwashe sojanta a 2011, Yunin 2014 Mosul ta faɗa hannun ƙungiyar Da'esh, wato ISIS.