Tambaya da Amsa: Ɗan Sulken Japan da Ya Fito Daga Kayan Gwanjo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan gwanjo a Aboabo, nan Kumasi. Cikin kayan da suka zo mini daga Tema na tarar da wani baƙin akwatin katako, a ciki akwai ɗan sulke da kwalkwali mai ƙaho biyu, duk a warwatse, ga ɗan takobi da baka. Ko jariri ba zai shige shi ba. Ƙarfen ya dushe, zaren ya tsinke a wasu wurare, akwai kuma wani fari-farin abu a jikinsa. Mene ne wannan? Tsoho ne? In goge shi da Brasso, man goge ƙarfe, kafin in kasa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah ajiye Brasso ɗin nan tukuna, domin da shi za ka iya kashe darajar kayan cikin minti goma.

Abin da ke hannunka kayan ado ne na bikin 'ya'ya maza a Japan, wanda suke kira Tango no Sekku, ana yin sa ran 5 ga Mayu. Tun 1948 ranar ta zama hutun ƙasa da sunan Ranar Yara. Iyaye ko kakanni ne ke saya wa yaro, a girka shi a ɗaki 'yan makonni kafin bikin don fatan ya tashi da lafiya da ƙarfin zuciya, a mayar da shi akwati in an gama. Ba a sawa, ba a kuma wasa da shi. Kwaikwayon sulken mayaƙan samurai ne, kuma al'adar ta yi ƙarfi tun zamanin Edo na tarihin Japan, wato 1603 zuwa 1868.

A kan shekarunsa, fara da abin da aka naɗe shi da shi. In akwai tsohuwar jarida a ciki kada ka yar, haka rubutun tawada a cikin murfin akwatin. Ɗauki hotonsu da waya ka fassara. Japanawa na ƙirga shekara da zamanin sarki: Meiji 1868 zuwa 1912, Taisho 1912 zuwa 1926, Showa 1926 zuwa 1989. In ka ga Showa, ƙara 1925 a kan lambar shekarar da ke biye da ita. Showa 30 ita ce 1955. A wurin dillalai sai abu ya kai shekara 100 ake ce masa tsohon gaske, da dama daga cikin waɗanda ke biyo kayan gwanjo kuwa na Showa ne.

Daga nan juya mayanin kafaɗa ka dubi bayansa a wurin haske. Aikin hannu na ƙwarai ƙananan ɓawo ne, na takardar Japan mai ƙarfi ko fata ko ƙarfe, an jera su ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi, an shafe su da urushi, wato ruwan wata bishiya da ke daskarewa ya yi sheƙi, sannan aka ɗinke su da igiyar alharini. Za ka ga kowane ɓawo da gefensa, ba su ma zama daidai wa daida ba. Na inji faranti ɗaya ne aka buga masa tudu-tudu. In ka ga layin haɗi irin na bokitin roba, ko sukurori masu kan gicciye, to galibi aikin bayan yaƙin duniya na biyu ne. Maganaɗisu zai nuna maka inda baƙin ƙarfe yake, amma ba ya kama tagulla da alminiyam da takarda, saboda haka rashin kamawarsa bai isa hujja ba.

Ga dalilin da na hana ka gogewa. Ruwan zinariyar da ke kan ƙahonin bai kai kaurin fatar albasa ba, man goge ƙarfe yana cinye shi, ya bar farin gari a cikin zanen, in kuma ya taɓa alharini ya ɓata shi har abada. Mai saye da ya san kaya dushewar nan yake nema. Ruwa ma kada ya kusanto: urushin da ya sha haske shekara da shekaru yana yin tabo da ɗigo ɗaya. Farin abin nan fumfuna ce. Fitar da kayan inuwa a ranar da gari ya bushe, rufe hancinka, sa safar hannu, ka riƙa kakkaɓewa da burushin fenti mai laushi, sabo, daga sama zuwa ƙasa. Inda urushin ya ɗaga ko zaren ya ruɓe, tsallake wurin. Baƙin zare ya fi saurin ruɓewa, domin tsohon rinin baƙi da sinadarin ƙarfe ake yin sa, shi ke cin zaren daga ciki. Kada ka ja shi, kada ka sa masa gam. Guntayen da suka zubo tara su a ambulan, su bi kayan.

Wajen haɗawa, akwatin shi ne kujerarsa. Rataya mayanin cinya a gaban akwatin, murfin ya danne ɗamararsa. Ɗora sandar katako a tsakiya, zura rigar sulken a kanta, gyara hannaye da kafaɗu su daidaita. Rataya abin rufe fuska, sannan kwalkwalin a sama. Ƙahonin su ne na ƙarshe, a riƙe su da kyalle, don gumin yatsa yana barin sawu a tagulla wanda ba ya fita. Makaran ƙwauri a cikin takalman, a gaba. In kana fuskantarsa, baka a hagu, takobi a dama. Igiyar kwalkwalin da aka riga aka ƙulla, bar ta yadda take. Ƙullin yana da wuyar maimaitawa.

Tambaya: Malam, mijina ya sayo irinsa ya sa a falo a Asawase. Kafur nawa zan zuba kada asu ya ci?

Amsa: Hajiya, ƙwaya ɗaya ko biyu sun isa, a naɗe a takarda a kusurwar akwati, kada su taɓa kayan. Kuma iri ɗaya tak, domin in aka haɗa kafur na asali da farar ƙwallon maganin asu sukan narke su yi tabo.

Amma yanayin garinmu ya fi asu ɓarna. Urushi yana son laimar iska tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Daminar Kumasi tana wuce haka nesa, sai fumfuna da tsatsa. Hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ya zo ya busar da katako da takarda farat ɗaya, su tsuke, urushin ya tsage. Nemi ɗan agogon auna laima ki sa kusa da shi. Nesanta shi da taga da iskar na'urar sanyaya ɗaki. In za a ajiye, a naɗe kowane yanki daban a farar takarda mai laushi marar rubutu, ban da leda don tana riƙe gumi, a ɗora akwatin a kan kabad da ba ta jingine da bangon waje ba. Da damina sa 'yan ƙunshin silika, wato ƙwayoyin nan masu tsotse laima, biyu ko uku, ki cire su da shigowar hunturu, ki kuma buɗe akwatin ya sha iska a inuwa ko da sau biyu ne a shekara.