Idan mai ya zube a daskararriyar ƙasa

Tambaya: Malam, na ji an ce a arewacin Rasha da Kanada akwai ƙasar da ke daskare shekara da shekaru. Idan mai ko wata guba ta zube a irin wannan wuri, ba ƙanƙarar za ta riƙe ta ba? Me ya kawo kashe maƙudan kuɗi wajen gyara?

Amsa: Ƙasan ne kawai ke zama daskare. Saman, daga 'yan santimita zuwa mita ɗaya ko biyu, duk lokacin zafi sai ya narke ya zama taɓo. To mai idan ya zube ba ya samun hanyar nutsewa, sai ya malale gefe kamar ruwa a kan daɓen siminti, har ya faɗa kogi.

Haka aka gani a birnin Norilsk da ke yankin Saiberiya na Rasha ranar 29 ga Mayun 2020, da wani tanki ya tsage, dizal kusan tan 21,000 ya kwarara, kogin Ambarnaya ya yi jawur. Kamfanin Nornickel, mai tankin, ya ce narkewar ƙasa ce ta sa ginshiƙan tankin suka zauna, masu binciken gwamnati kuwa suka ce laifin gini ne da rashin kula. A 2021 kotu ta ci kamfanin tarar rubul (kuɗin Rasha) biliyan 146.

Man da ke kan ruwa ana tare shi da shinge mai yawo a zuƙe. Na cikin ƙasa shi ne jidali. Akan haƙe ƙasar a tsiba ta kan leda mai kauri, a zuba takin zamani, a riƙa hura mata iska don ƙwayoyin bakteriya su cinye man. Amma a wannan sanyi 'yan makonni kawai suke aiki a shekara, shi ya sa ake ɗaukar shekaru. Haƙar ma da sauƙin faɗa: da zarar an yaye ciyayin da ke lulluɓe da ƙasar, rana ta samu shiga, narkewar ta ƙara zurfi. Ni a ganina wani lokacin katafila kan yi ɓarnar da ta fi ta man.

Gubar da ba ta ruɓewa kuwa, sanyin ake ƙara mata. A tsohuwar mahaƙar zinariya ta Giant, kusa da Yellowknife a Kanada, akwai ƙurar arsenik tan 237,000 jibge a ƙarƙashin ƙasa. Fito da ita ya fi barinta haɗari, don haka aka zaɓi kafa dogayen bututu masu janye zafi daga ƙasa lokacin hunturu, dutsen da ke kewaye ya daskare, ruwa ya kasa ratsawa ya kwaso ta.