Injin yana juyawa amma ba ya tashi: a ja wa famfon mai waya kai tsaye?

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar Toyota mai injekta. Idan na murza makulli injin yana juyawa amma ba ya tashi, kuma fis ɗin EFI, wato na tsarin injekta, ya ƙone sau biyu. Mai rewaya ya ce zai ja wa famfon mai waya kai tsaye daga makulli, a huta. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, Alhaji. Kafin a zargi famfon, sai a auna wutar da take isa gare shi. Yawancin motoci suna kunna famfon na kamar daƙiƙa 2 da zarar an buɗe makulli, amma tsofaffin Toyota da yawa ba sa kunna shi sai an buga sitata, don haka rashin jin gurnaninsa ba hujja ba ce cewa ya mutu. A ƙaramin akwatin gwaji da ke wajen injin, a haɗa ramukan da aka rubuta wa +B da FP da guntuwar waya, sannan a buɗe makulli. Idan famfon ya yi aiki, matsalar tana wajen rile, wato makunnin da ke ba famfon wuta, ko abin da ke ba shi umarni. Idan ya yi shiru, a kai mitar auna wuta bakin soket ɗin famfon da ke tanki. Lafiyayyen batir yana nuna volt 12.6, kuma idan abin da ya iso ya ragu da fiye da rabin volt alhali famfon yana jan wuta, to akwai tsatsa a soket ko wayar as, wato wadda ake ɗaurewa a ƙarfen mota, ta saki.

Maganar jan waya kuwa ita ce abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum sai an kawo mini mota da wannan aika-aika. Masu ƙera mota ba don ado suka sa rile ba. Aikinsa shi ne ya yanke wa famfon wuta da zarar injin ya tsaya. Idan aka tsallake shi, ranar da mota ta yi karo, bututun mai ya tsage, direba ya suma makulli yana buɗe, famfon zai ci gaba da feso fetur da ƙarfin matsi na kusan bar 3 a kan zazzafan salansa. Wasu ma sukan naɗa zaren tagulla a gurbin fis, wai don kada ya sake ƙonewa, alhali fis ɗin da ya ƙone sau biyu yana nuna cewa ko dai waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko famfon ya tsufa yana jan wutar da ta wuce kima. An cire fis, sai wayar da kanta ta narke, ga ta kuwa tana bi ta gefen tanki. Na sha ganin mai rewaya yana ƙyasta waya a jikin mota don ya ga tartsatsi, murfin tanki a buɗe, ya kira wannan gwaji.

Ka nemi mai mita ya auna amfiyan da famfon yake ja, ya cire soket ɗinsa ya ga ko fis zai sake ƙonewa, kuma a mayar da fis mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin.