Na ƙera na'urar auna kumburin ƙafa, ta yaya zan kare ta?

Ɗan'uwa, ka ce ka ƙera maɗauri mai auna kumburin ƙafa, kana tsoron a kwaikwaye maka, ga shi kana son ɗora bidiyonsa a intanet. Dakata da bidiyon nan tukuna. A Turai, da zarar ka nuna ƙirƙira a fili kafin ka nemi takardar haƙƙin mallakarta, ta tashi daga sabuwa. Amurka kuwa tana ɗaga ƙafa har shekara 1.

Fara da bincike a Google Patents, shafin duba takardun haƙƙin mallakar ƙirƙira. Zagaya ƙauri da tef, ko tsoma ƙafa cikin ruwa a auna wanda ya malalo, duk tsofaffin dabaru ne. Me taka ta ƙara a kansu? A nan masu tantancewa za su titsiye ka.

Kariyar shekara 20 ce daga ranar nema, kuma iyakarta ƙasar da ta bayar. In kana hangen wasu ƙasashe, wata 12 gare ka daga ranar da ka fara nema ka bi ta PCT, tsarin neman kariya a ƙasashe da yawa na WIPO, hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya.

Inda ake yawan tuntuɓe: takardar ba izinin ɗaura wa majinyaci ba ce. Wannan hurumin hukumar lafiya ne, irin su FDA a Amurka, kuma sai an gwada.

Sashen da ke fayyace iyakar abin da ka mallaka kuwa, bar wa lauyan wannan fanni. Kalma ɗaya kan buɗe wa mai kwaikwayo ƙofa.