Gidajen kwano na Ostireliya: ina zafin yake tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a Gusau, har na kai linta, saura rufi. Kwanan nan na ga hotunan wasu gidajen ƙasar Ostireliya da aka ce sun ci lambobin yabo, kusan duk da kwano aka rufa su, wasu ma har bangonsu kwano ne. Mu kuwa a nan ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana a watan Afrilu. Wani irin kwano ne na daban gare su, ko iyakwandishan ce ke rufa musu asiri? Kuma idan na kwaikwaye su zai yi mini? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama lafiya.

Gaskiya ne kwanon da suka fi amfani da shi, irin su Colorbond da ya shiga kasuwarsu tun 1966, ya fi yawancin na kasuwanninmu kauri da jure tsatsa, kuma tun a masana'anta ake gasa masa fenti. Amma ƙarfe ƙarfe ne, rana ta doke shi dole ya ɗauki zafi. Abin da ya raba gidajen da ka gani da ɗakin kwanonmu shi ne abin da aka sa tsakanin kwanon da kan mutum, da inda gidan ya fuskanta, da hanyar da aka bar wa iska.

Ina kyautata zaton cikin hotunan akwai aikin Glenn Murcutt, domin shi ne ya ɗaga darajar kwano daga rufin rumfar tumaki zuwa gidan da ake zuwa kallo. An haife shi a Landan a 1936, ya yi ƙuruciyarsa a Papua New Guinea, kuma a 2002 ya karɓi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma ga masu zanen gine-gine a duniya. Kusan duk rayuwarsa shi kaɗai yake aiki, ba babban ofis, ba tarin ma'aikata, kuma a ƙasarsa yake gini. Gidan da ya fara fito da shi shi ne wanda ya zana wa wata mata, Marie Short, kusa da garin Kempsey a tsakiyar shekarun 1970: dogayen ɗakuna biyu na katako a jere, an ɗaga su daga ƙasa a kan ginshiƙai, rufin kwano, bango cike da tagogi masu yanka-yanka da ake karkatawa gwargwadon iskar da ake so. Faɗin kowane ɓangare ɗaki ɗaya ne kacal. Wannan shi ne abin da hoto ba ya nunawa. Iska ta shigo ta wannan gefe ba ta da wani bango a gabanta sai tagar ɗaya gefen, don haka ba ta tsayawa.

Wanda ya fi dacewa da tambayarka shi ne gidan da ya zana wa Banduk Marika, wata mai zane daga asalin mutanen ƙasar, a Yirrkala can arewa mai zafi, aka gama shi a 1994. Gidan ba shi da gilashi a tagoginsa. Bangonsa manyan marafai ne na katako da ake ɗagawa da safe, su tsaya a sama suna ba da inuwa, da dare a sauke su. A wasu wurare daɓen katakon ma an bar masa 'yan tsagu, iska na shigowa ta ƙasa, yashin da aka kwaso a ƙafa yana zubewa. A ƙololuwar rufin akwai mazurarai masu juyawa da ke zuƙo iska mai zafi su fitar da ita. Bakin kwanon kuma ya zarce bango sosai, ta yadda rana ba ta samun jikin gidan sai kaɗan. Duk da wannan buɗewa, ƙarafan da ke riƙe da shi an lissafa su ne don guguwar teku, domin mutanen arewacin ƙasar ba su manta da wadda ta rusa mafi yawan gidajen birnin Darwin a ranar Kirsimeti ta 1974 ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce a wurinsu. Tsofaffin gidajen jihar Queensland, tun ƙarni na 19, katako ne a kan ginshiƙai da baranda kewaye da rufin kwano mai tsayi. Ɗagawar tana kare su daga ambaliya da gara, barandar tana hana rana taɓa bango. Murcutt da irin kamfanin masu zanen gine-gine na Troppo da ke Darwin sun ɗauki wannan gado ne suka tace shi.

Ga yadda abin yake aiki. Kwano ba shi da jiki, saboda haka yana zafi nan da nan, yana kuma hucewa nan da nan da rana ta faɗi. A bakin teku mai gumi, inda dare da rana zafinsu bai da wani nisa, wannan alheri ne, domin gidan ba ya ajiye zafin yini ya sake maka shi da tsakar dare. Abin da ya rage shi ne a hana zafin rana sauka cikin ɗaki lokacin da take tsaka. Suna shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, sannan abin tare zafi mai kauri irin na audugar gilashi a kan silin, sannan a bar sarari mai ƙofofin shaƙar iska a tsakani. Mu kuma sau da yawa kafinta zai buga kwano, ya buga silin ɗan ƙasa da shi, birkila ya toshe ko'ina da bulo don kada ƙura ko jemage su shiga. Iskar da ke tsare a wurin ta gasu ba ta da mafita sai ta sauko kan masu gida.

A nan zan ja hankalinka, domin a nan ne kwaikwayo yake iya cutar da kai. Darwin tana kusan digiri 12 kudu da tsakiyar duniya, Gusau kusan digiri 12 arewa, sai mutum ya ɗauka yanayinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Darwin da Yirrkala bakin teku suke, iskarsu mai ɗauke da danshi ce, buɗe gida shi ne maganinta. Iskar Gusau a bazara busasshiya ce mai ƙuna, idan ka buɗe mata gida da azahar zafi ka shigo da shi, ga kuma ƙurar hunturu. Gidan Marika a Gusau wahala zai ba ka. Abin da ya fi kama da wurinku a Ostireliya shi ne busasshen cikin ƙasar da yammacinta, kuma a can masu zane sun koma ga ƙasa. A yankin Pilbara, Luigi Rosselli ya gina masaukai 12 na makiyayan wata gonar shanu a bayan wani bango na danƙararriyar ƙasa mai tsawon mita 230, aka kuma rufe saman ɗakunan da ƙasa. Bango mai kauri yana shanye zafin yini a hankali, kafin ya ratso ciki dare ya yi. Wannan ilimin soro ne da magina a ƙasar Hausa suka daɗe da saninsa, kuma yana ba ni takaici yadda muka yi watsi da shi muka koma bulo mai rami inci shida. Suna da wata dabara kuma da ta haɗa biyun: a sa tubali ta ciki, abin tare zafi a tsakiya, kwano ta waje yana karɓar rana da ruwa.

Batun fuskanta ma sai an juya shi. A kudancin ƙasarsu rana ta arewa take bi musu, shi ya sa a biranen Sidni da Melbon ake fuskantar da falo arewa, a auna tsawon bakin rufi ya tare rana mai tsayi ta watan Disamba, lokacin zafinsu, ya bar mai ƙasa-ƙasa ta Yuni, lokacin sanyinsu, ta shigo ta ɗumama ɗaki. Kai ba ka neman ranar da za ta ɗumama maka ɗaki. A wurinku rana kusan a tsakar ka take da azahar a watannin zafi, don haka rufi ne ke shan mafi yawan dukan, sai bangon yamma da la'asar.

Kada kuma ka ɗauka duk Ostireliya haka take zaune. Gidajen da ke cin lambar yabo 'yan kaɗan ne. Sababbin unguwannin bayan gari cike suke da manyan gidaje, da yawa sun haura murabba'in mita 200, an matse su jikin juna, rufi baƙi, bakin rufi gajere, babu wurin dasa bishiya. A Penrith da ke yammacin Sidni zafi ya kai digiri 48.9 a ranar 4 ga Janairu, 2020. Irin waɗannan gidaje kam zatonka ya yi daidai, iyakwandishan ce ke riƙe da su. Hukuma tana auna sabon gida da taurari daga 0 zuwa 10 bisa wutar da zai ci wajen sanyaya shi da ɗumama shi, kuma dokar gini ta 2022 ta ɗaga mafi ƙarancin abin da ake karɓa daga taurari 6 zuwa 7.

Tun da ka riga ka kai linta, fuskar gidan ta zauna, amma rufi yana hannunka. Zaɓi kwano fari ko mai haske, ka bar baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ko da sun fi burge ido. Ka ce wa kafinta ya fitar da bakin kwanon aƙalla santimita 60 daga bango, ya fi haka ta yamma, ya kuma ɗaure katakon rufin da ƙarfe a jikin kankare, domin dogon baki yana kama iskar farkon damina. A bar ƙofofin iska ƙasa da bakin rufi da kuma can sama, a rufe su da raga. Idan kuɗi ya ƙaranta, gara ka rage adon silin ka sayi abin tare zafi ka shimfiɗa a kansa, ka fara da ɗakunan kwana. Bangon yamma kuma ka yi masa rumfa ko ka dasa darbejiya nesa kaɗan da tushen gini tun wannan daminar.