Ruwa na ɗiga daga saman ɗakina: wa zai ɗauki nauyin gyara?

Wani mai karatu da ke haya a Kubwa, Abuja, ya rubuto cewa yana zaune a sashen ƙasa na wani gidan bene, kuma kusan wata biyu ke nan ruwa yana ɗiga daga silin ɗakin kwanansa, daidai ƙarƙashin banɗakin maƙwabcinsa na sama. Katifa ta jiƙe, fenti ya kumbura yana ɓarewa, mai gida kuwa ya ce wanda ke cikin ɗaki shi ke gyara. Yana tambaya ko zai iya riƙe kuɗin hayar baɗi, ko ya yi gyaran ya cire abin da ya kashe.

Malam, kafin komai ka ɗauko yarjejeniyar hayar da kuka sa wa hannu ka karanta sashen gyare-gyare, domin dokar da ke aiki a Abuja, wato Recovery of Premises Act, ta fi mayar da hankali ne a kan yadda mai gida zai karɓi gidansa, ba ta zauna ta rarraba wa kowa abin da zai gyara ba. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta taɓo wannan batu, amma ba ta aiki a nan. Saboda haka kotu takan fara duba abin da kuka rubuta. A yawancin yarjejeniyoyin da ke zuwa hannuna, ana ɗora wa mai gida rufi da bango da manyan bututun ruwa, a bar wa ɗan haya ƙananan abubuwan cikin ɗaki.

Idan takardar ta yi shiru, ko babu ita sam, sai a koma ga ƙa'idojin da kotunanmu suka gada daga dokar Ingila. A nan ɗan haya yana da nauyin kula da gida kamar yadda mai hankali zai kula, wato ya canza robar kan famfo idan ta ci, ya buɗe magudanar da shi ya toshe, ya biya ɓarnar da shi ko iyalinsa suka yi. Amma rufin gida, da tankin sama da kowa ke sha, da bututun da ke raba ruwa ga sassa, suna hannun mai gida, kuma idan an sanar da shi ya yi sakaci har ɓarna ta auku, ana iya neman diyya a kansa.

Wannan ya sa tushen yoyon shi ne zuciyar maganarka. Ka kira mai gyaran famfo ya duba a gaban mai kula da gidan da maƙwabcinka. Gwajin ba wuya: a rufe ruwan sashen sama na yini guda, a ga ko ɗigar za ta tsaya. In aka tarar bututun da ke binne cikin bango ne ya tsufa ya fashe, hujjarka a kan mai gida tana da ƙarfi. In kuwa maƙwabcin ne ke barin famfo a buɗe idan an ɗauke ruwa, ya fita aiki, ruwa ya dawo ya malale, to shi za ka nema da kuɗin katifarka.

Sannan ka sanar da mai gida a rubuce, da kwanan wata, ka ba shi wa'adi mai ma'ana, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Dogaro da ƙorafin baki a ƙofar gida yana iya kayar da ɗan haya a kotu. Hotuna da bidiyo da saƙonnin WhatsApp suna karɓuwa, matuƙar an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya shafi shaidar da ta fito daga waya ko kwamfuta, don haka kada ka sayar da wayar ko ka goge komai. Rasit ɗin kayan da suka lalace ma ka adana.

Game da riƙe kuɗin haya, shawarata ita ce kada ka yi. Yin hakan zai mayar da kai mai bashi, ya kuma ba mai gida dalilin kai ka kotu, alhali yanzu kai ne mai gaskiya. Gyara da cirewa daga haya yana yiwuwa, amma ka samu amincewarsa a rubuce tare da adadin kuɗin kafin a fasa bango.

Idan ya ƙi, lauya zai rubuta masa takardar neman haƙƙi, sannan ku gwada sashen sulhu na Babbar Kotun Abuja kafin shigar da ƙara. In ya yi barazanar korarka, ka sani mai biyan haya shekara-shekara yana da notis na wata 6, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban, bayansa kuma akwai na kwana 7, sannan umarnin kotu. Ba shi da ikon cire ƙofa ko yanke maka ruwa da kansa.