Ƙwan fitila mai aiki da waya yana kunna kansa da tsakar dare

Tambaya: Salam malam, daga Pantami nake a Gombe. Na sayi ƙwan fitila irin wanda ake kunnawa da waya, na haɗa shi da manhajar Smart Life a wayata. Matsalar, ko na kashe shi kafin na kwanta, in aka kawo wuta cikin dare sai ya kunna kansa ya tashi yara. Wani lokacin kuma sai ya kama ƙiftawa ya ɓace daga wayata gaba ɗaya. Jabu aka sayar min?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙwanka lafiyarsa ƙalau, kar ka mayar wa mai shago.

Cikin gindin ƙwan nan akwai ɗan ƙaramin allon lantarki da ke kama Wi-Fi, in ka kashe ta waya hasken kawai ka kashe, shi allon yana nan a farke yana jiran umarni. To da an ɗauke wuta shi ma ya mutu, in ta dawo kuma bai san bambancin an kawo wuta da mutum ya danna makunnin bango ba, a wajensa duk ɗaya ne, shi ya sa yake haskawa. Masu ƙera shi sun yi haka da gangan don wanda ba shi da waya a hannu ya iya kunnawa.

Shiga manhajar, ka danna ƙwan, ka duba saitinsa. Wasu suna da wajen da aka rubuta Power-on behavior, inda ake zaɓar abin da ƙwan zai yi in wuta ta dawo, wasu kuma Do Not Disturb, wannan na biyun don irin garuruwanmu aka yi shi, in ka kunna wannan saitin, ko wuta ta dawo ƙwan ba zai haska ba sai an danna makunni sau biyu a jere. Amma ba kowane ƙwai ke da shi ba, masu arha sosai galibi babu.

Maganar ƙiftawa ita ce ta fi cin rai. Yawancin ƙwayayen Tuya (kamfanin da ke da manhajar Smart Life) hanyar goge musu ƙwaƙwalwa ita ce a kashe a kunna sau uku da sauri, wasu sau biyar. Yanzu ka tuna yadda wuta ke yi lokacin iskar hadari, ta zo ta ɗauke ta zo ta ɗauke, ko in ana juya layi daga janareta zuwa wutar gari mai juyawa ya yi ta jijjiga hannun canjin, ai ka ga an cika masa sharaɗin nan ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ƙiftawar da kake gani cewa yake yi a sake haɗa ni. In za ka sake haɗawa ka tabbatar Wi-Fi ɗin nau'in 2.4GHz ne, yawancinsu ba sa ganin nau'in 5GHz ko kaɗan, mutane da yawa a nan suke maƙalewa.

Ni shawarata, in kana da sola da inbata ka sa mai gyaran wuta ya mayar da layin ɗakin kan inbata, magana ta ƙare, don ƙwan bai cin wani abin kirki, wat 9 ko 10 in yana haske, in yana jira kuma ko wat 1 yawanci bai kaiwa. Rauta ko MiFi ɗinka ma ya hau can. Makunnin bango kuma a bar shi a kunne kullum, ka manna masa salatif in yara na taɓawa.

In babu inbata, gaskiya a ɗakin kwana na fi son ƙwai na gama-gari, a ɓoye ɗan rile, wato ƙaramin makunnin da ake sarrafawa da waya, irin Sonoff Mini ko Shelly a bayan makunni, shi ana saita masa ya zauna a kashe in wuta ta dawo, kuma makunnin hannu na ci gaba da aiki. Sai dai da yawansu na buƙatar wayar nutural, gidajenmu kuwa sau da yawa layif kaɗai ake saukowa da shi akwatin makunni. Don Allah kar ka buɗe da kanka kana gwaji, bolt 230 ne a wurin, kira mai sana'ar.

Idan kuma abin ya shiga ranka sosai, nemo tsohuwar laftof ka sa mata Home Assistant, manhajar sarrafa kayan lantarkin gida, kyauta ce, ka haɗa da ɗan sandan Zigbee na USB da ƙwayayen Zigbee (Zigbee wata hanyar sadarwa ce ta na'urorin gida, daban da Wi-Fi). Komai a cikin gida yake gudana, ko data ta ƙare fitila za ta ji magana, ita laftof ɗin kuma batirinta zai riƙe ta in an ɗauke wuta. Amma fara da duba saitin nan tukuna, ka kuma karanta jikin kwalin, in bolt 220 zuwa 240 kawai aka rubuta zai riƙa wahala duk ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, nan gaba ka nemi mai ɗaukar tun daga 100.